Shuɗiyar Motar Baba

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya haƙuri da zaman nesa? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke tuna mini shekaruna duk sanda na zo hawa matakala.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, tunda rabonmu da haɗuwa tun rasuwar mahaifinka. Ni da shi 'ya'yan wa da ƙani ne, don haka ko ka manta fuskata, ba ka isa ka manta ni gwaggonka ba ce. Da waya zan kira ka, to amma gidanmu ɗaki biyu ne da falo, maigidana Babanku kuwa ko allura ta faɗi a kicin sai ya tambaya ta wace ce. Shi ya sa na ba direban motar kayan da ke bi ta wajenku wannan takarda.

An ce mini a wurin wanke motoci da goge su kake aiki. To ga matsalata. Ka tuna shuɗiyar a-kori-kurar Baba, wadda ka taɓa hawa bayanta kana yaro har hularka ta tashi? Tana nan. Ya ɗan huta da tuƙi kwanan nan, amma bai huta da ita ba. Da gari ya waye zai fito da bokiti da tsumma. Ya wanke, ya goge, ya shiga ya sha shayi, ya sake fitowa ya goge inda ya riga ya goge. In na ce ya zauna, sai ya zauna kamar wanda aka ɗora a kan ƙaya, can sai in ji ƙarar bokiti.

Da yana da wani gwangwanin man goge mota mai ƙamshi, da ya ƙare sai ya je kasuwa ya sayo wata farar kwalba. Tun da kwalbar nan ta shigo gidan ban ga daidai ba. Murfin injin ya fara dusashewa, in rana ta haska sai ka ga zane-zane zagaye kamar gizo-gizo ya yi saƙa. Tsumman ma shuɗi yake komawa. Na yi masa magana ya ce me na sani game da mota.

Ni dai abin ya ishe ni, Dogo. Ko barcin rana ba na iya yi saboda ƙarar gogar nan. Ka taimake ni da dabarar da za a raba shi da ita cikin ruwan sanyi, ba tare da ya ji an ci masa fuska ba. Ka san halin mazan da suka manyanta.

Ka gaishe da abokan zamanka.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na karanta ta a tsaye a bayan wata jibgegiyar mota, na sake karanta ta a ɗaki. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ban manta ki ba, Gwaggo. Ke ce kika ɗinke mini aljihun wando ranar da hular ta tashi, kina ta yi mini dariya.

Ni lafiya, sai hannuwana da ke saɓulewa saboda ruwa da sabulu. Wurin aikinmu a ƙarƙashin wani babban bene yake, rana ba ta leƙo mu. Motoci su shigo da datti su fita suna sheƙi, ni ina nan inda nake. Wani lokaci in na buɗe ƙofar mota zan share ciki, sai in ji kamar in tayar da ita in yi ta tafiya. Kwanan nan ko zama wuri ɗaya ba na iya yi.

Game da fenti: in tsumma yana komawa shuɗi, to fentin ne ke fita. Farar kwalbar nan ina zaton ba man sheƙi ba ne, man cin karce ne. Akwai ɗan yashi mai laushi a ciki, ki murza kaɗan tsakanin yatsunki za ki ji. Ana amfani da shi sau ɗaya a wurin da ya karce, ba kullum ba. Shi man sheƙi na gaskiya santsi gare shi kamar man shafawa, kuma ko shi sai bayan wasu watanni ake sake sawa. A wanke motar tukuna, ban da garin sabulun wanki, a bar ta ta bushe a inuwa. Kada a shafa a kan ƙarfe mai zafi. A shafa kaɗan-kaɗan, a jira ya yi fari-fari, a ja yatsa a kai. In wurin ya fito fes, sai a goge da tsohuwar riga mai laushi. In an watsa ruwa aka ga ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa, to man yana nan, a ƙyale ta.

Batun raba shi da ita kuwa, na jima ina juya shi a raina. Abin ya ba ni tausayi, amma ke kike tare da shi, kin fi ni sanin abin da ya dace. Na samu mutumin kirki, mai gidan burodi ne, yana kawo motarsa wurinmu, kuma yakan je wajenku duba 'yan'uwansa. Yana da sanyin baki, ya san mota. Na yi masa kwatancen gidan, zai zo ya duba, su yi magana da Baba a tsanake. Ke dai ki karɓe shi kawai.

A gaishe da Baba.

Ɗanki, Dogo

*

Dogo,

Lafiyarmu ƙalau, in har ana kiran wannan lafiya.

Wane irin ɗanyen aiki ka yi mini? Mutuminka ya zo. Ni da na ɗauka mai gyaran fenti ka turo, wanda zai lallaɓa Baba ya raba shi da kwalbar, har da murnata na shimfiɗa masa darduma, na kawo masa ruwa, na ce wa Baba, “Ga baƙon da Dogo ya aiko, ni na roƙe shi.” Da bakina na faɗi haka, Dogo.

Suka fita wurin motar. Mutumin ya zagaya ta, ya daki taya da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce a tayar ya ji inji. Baba sai washe baki yake, ya samu mai sauraro, yana ba shi labarin hanyoyin da suka bi tare da ita. Can sai mutumin ya shafa murfin injin ya ce, “Injin lafiya lau, Baba, sai dai fentin nan ya mutu, dole a sake shi. Amma ba komai, buhunan fulawa za ta riƙa ɗauka, ba amarya ba. Yaushe za a ba ni takardunta in gani?”

Baba ya ce, “Takardun me?”

Ya ce, “Na motar mana. Ba an ce ana son a raba ka da ita ba?”

Ina tsaye da tire a hannu. Baba ya juyo wajen da nake. Ya ce wa mutumin, “Ka sha ruwa?” Ya ce ya sha. Ya ce, “To Allah ya kiyaye hanya.”

Kwalbar nake nufi, Dogo! Kwalbar! Na nemi gyaran gira ka tsone mini ido.

Tunda abin ya kai haka, bari in gaya maka abin da na ɓoye maka don kare mutuncinsa. Ba hutu yake yi da tuƙi ba. Idonsa ne. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a yi ƙoƙarin riƙe wanda ya rage. Gefe da gefe duk ya rufe, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Rubutun jikin kwalbar ma bai gani ba lokacin da ya saya. Ya kamata ya riƙa komawa asibiti ana auna shi ana canza masa magani, amma ya ƙi shiga motar haya, ya ce ba zai bar tasa a gida ya hau ta wani ba. Ya riga ya tsallake ranar komawa.

Yanzu ga shi na samu abin da na roƙa. Ba ƙarar bokiti, ba ƙarar goga. Ya tura motar ƙarƙashin bishiya ya sa makullin a aljihu. Yana zaune a falo yana fuskantar bango, abinci sai ya tsakura ya ture. Na yi masa bayani har bakina ya gaji, sai ya ce, “Na ji.” Ni kuma na kasa zama. In shiga kicin, in fito, in leƙa motar, in koma. Tsuntsaye sun fara ɓata ta.

Ban san ko in ce ka rubuto ba.

Gwaggo

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba, in zai amsa.

Tun da na karanta takardarki nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauko ta farkon na sake dubawa, na ga kwalbar tana nan a rubuce ƙarara, ni ne idona ya tsallake ta. Wataƙila don ni kullum tunanin rabuwa da abu nake yi, sai na ɗauka kowa ma haka yake. Da na tambaye ki kafin in tura mutum. Ki yafe mini. Ki gaya wa Baba laifin nawa ne ni kaɗai, ki karanta masa wannan layin da kanki.

Na ba direban gwangwanin man sheƙi mai kyau da tsummoki masu laushi. Ba na toshiyar baki ba ne. Kashin tsuntsu yana cin fenti in ya daɗe, musamman inda ya riga ya yi siriri. Kada a kankare shi. A jiƙa tsumma a ɗora a kai har ya yi laushi, sannan a ɗauke. In da hali a janye ta daga ƙarƙashin bishiyar, don danƙon da ke ɗigowa ya fi kashin ma naci.

Ki sanar da ni halin da ake ciki, ko layi ɗaya ne.

Dogo

*

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Direban ya zo ya koma, ya sake zuwa, duk hannu rabbana. Ya ce ya miƙa miki saƙon a bakin ƙofa, kin karɓa kin ce an gode, kin rufe. Na tambaye shi ko ya ga Baba, ya ce bai gani ba. Na tambaye shi motar fa, ya ce shi bai duba ba. Har na so in yi masa faɗa, alhali ba ruwansa.

Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. In na kira, Baba zai ji. In ban kira ba, ni ne ba na jin komai. Jiya na shafa wa motar wani mutum mai a gefe ɗaya sau biyu, na bar ɗaya gefen, sai da maigidanmu ya nuna mini. Ya ce in hankalina yana wani gari, in bi shi can.

Na yi tunani, Gwaggo, kuma na yanke shawara. Ina da lasin tuƙi. Zan ajiye aikin nan in zo in zauna wurinku. In riƙa kai Baba asibiti a motarsa, yana zaune a gaba. Fentin ma zan san yadda zan farfaɗo da shi. Ko a falo zan kwana. Dama aikin nan ya fita raina, kuma ni na ɓata, ni ya kamata in gyara. Ki ce in zo kawai, jakata ba ta da nauyi.

Don Allah kada direban ya sake dawowa haka.

Ɗanki, Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Ni ne Babanku ke magana, gwaggonka ke rubutawa. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara. Muna lafiya. Ina fata kana lafiya.

An karanta mini takardunka duka. Ta biyun da ta ukun sai da na matsa, don ta ɓoye su a cikin kwanon kicin. (Ba ɓoyewa na yi ba, ajiyewa na yi.) Mutumin da ka turo ba shi da laifi, kai ma kuskure ne. Abin da ya ƙona mini rai, gaskiya ya faɗa. Fentin ya mutu, kuma ni na kashe shi. Kana tsammani ban sani ba? Idona bai gani ba, amma tafin hannuna ya ji wurin yana kaushi. Sai na ƙara gogawa don ya yi santsi, ashe ƙara ci nake. Na san wani abu ya lalace, na kasa tambaya, don in na tambaya sai na ce ba na gani.

Na yi shekaru ina ɗaukar mutane a gefen hanya da kayansu. Yau a ce ni ne zan tsaya a gefen hanya ina ɗaga hannu ban ma san ko mota ce ke zuwa ko babur ba. Shi ya sa na ƙi. Na san wauta ce. Tsufa bai hana wauta.

Batun zuwanka, ban yarda ba. Kada ka fake da idona ka gudu daga aikinka. In za ka bar shi, ka bar shi don ka samu wanda ya fi shi, ka fita ta ƙofa da sallama. In ka zo nan, wata biyu za ka yi ka fara leƙen hanya, ni kuma in zama bangon da ya tare ka. Ka zo hutu, wannan muna so.

Direba kuma na samu. (Ni yake nufi.) Ranar da man da ka aiko ya iso, na ji ta a waje tana fama da bokiti ita kaɗai, da gwiwar nan tata, tana jiƙa tsumma tana ɗorawa. Na fita na ce ba haka ake riƙe tsumma ba. (Haka ake riƙewa.) Muka wanke ta tare. Da aka zo janye ta zuwa inuwar gini, na ce ta shiga ta riƙe sitiyari in tura. Da na ji ta juya ta daidai ba ta taɓa komai ba, na ce to me ya rage.

Yanzu kullum da safe muna zuwa filin bayan unguwa, wani maƙwabci ke kai mu. Ina zaune a gefenta ina jin injin da kunne, ina gaya mata lokacin canza giya. Tana kashe mota kamar ana biyanta. (Ƙafata ce ba ta saba ba, kuma ihu yake yi mini.) Ta yi rajista a makarantar tuƙi don a ba ta takarda.

Man naka yana da kyau. Na ja yatsa kamar yadda ka ce. Ita ta duba mini ta ce ya fito fes. Farar kwalbar na ba ta ta zubar da hannunta, tunda ita ce abokiyar gabarta.

Allah ya yi maka albarka.

Babanku

*

Ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa. Ka yi haƙuri da jinkirin takarda, yanzu ni ma'aikaciya ce, ba ni da lokacin kaina. Na ji daɗi da ka ce ka fara neman koyon fenti a garejin nan na kusa da ku bayan an tashi aiki. Ka riƙe shi da kyau.

An ba ni takardar tuƙi. Malamin tuƙin ya ce bai taɓa ganin ɗalibar da ke zuwa da nata malamin a kujerar baya ba.

Shekaranjiya muka je asibiti. Dogo, ban taɓa sanin titin nan yana da mutane haka ba. Na riƙe sitiyari har yatsuna suka sage. Masu babura suna ta zagaye ni, wani mai tifa ya danna mini oda a baya har na ji ta a haƙorina. Baba kuwa ya sa sabuwar riga, ya sauke gilashi, ya ɗora gwiwar hannu a taga, yana ɗaga wa mutane hannu ko ya san su ko bai sani ba. In na ce ga mahaɗa, sai ya ce, “Sassauta, akwai rami a dama bayan shagon mai walda.” Kuma ramin yana nan. Likita ya yi masa faɗa sosai a kan ranakun da ya tsallake, ya ce an ƙara rasa kaɗan a idon hagu. Ya canza magani, ya ce in aka kiyaye, akwai fatan riƙe sauran.

Mun dawo lafiya har ƙofar gida. A nan ne, ina murna na gama, na karya kwana da wuri. Sai ji na yi ƙiiii, tun daga ƙofar direba har bayan mota. Ginshiƙin get ne. Na kashe mota na zauna, na kasa ko juyawa in dube shi. Motar da ya yi shekaru ko keke bai taɓa gogar ta ba.

Ya buɗe ƙofa ya fita, ya dafa jikinta ya zagayo ta gaba har ya iso wajena. Ya ɗora yatsa a farkon karcen, ya bi shi a hankali har ƙarshe, ya sake biyowa. Ni dai hawaye kawai. Ya tsaya a tagata ya ce, “Kin ji ciwo?” Na ce a'a. Ya ce, “To sauko, ki ɗauko takarda. Akwai tambayoyi.”

Ga tambayoyin. Farcensa yana kamawa a farkon karcen, wajen tsawon hannu, sauran kuma ba ya kamawa. Wurin da ke kamawa na duba masa, fari ne, ƙarfe bai fito ba. Yana so ya sani ko a shafa mai a rufe shi kafin ruwa ya shiga ya yi tsatsa, ko a jira ka. Kuma ya ce, wurin da farce ba ya kamawa, ashe ba irin aikin farar kwalbar nan ba ne? Har yana tambayata wai da gaske na zubar da ita duka. Ka amsa masa da kanka, ni ba zan sa baki ba.

Zan tsaya nan. Ga shi can a bakin ƙofa yana kaɗa makulli tun ɗazu. Wai mu je kasuwa mu sayo allura. Allura, Dogo, alhali gwangwani guda gare ni a kan keken ɗinki. Bari in nemo takalmina.

Gwaggonka